Darasi na Tara: Abdu Mumuni, Malamin da Ya Auna Hasken Rana

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Yelwa da hantsi ranar kasuwa, sa'ad da jiragen ƙasar Ngaski da na Shanga ke isowa maƙare da albasa da bandar kifi, ya ga mata sun baje shanya a kan tabarmi, masunta sun rataye komarsu tana tsanewa, ga yaro kuma zaune kusa da farantin sola yana karɓar wayoyin mutane yana sa musu caji, to, ya ga aikin rana iri uku a wuri guda, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kan abin ba. Ranar nan da muke gudun zafinta mu fake a inuwa, ita ce ke busar mana da abinci, ita ke raya shukarmu, kuma, kamar yadda bayani zai zo, ita ce ma ke ɗauko ruwan da ke juya injunan madatsar Kainji. Darasinmu na yau ya shafi wani bawan Allah haifaffen ƙasar Hausa, wanda ya ƙarar da kwanakinsa wajen auna wannan ni'ima da neman hanyar da talaka zai more ta, sa'an nan aka ɗora masa shugabancin jami'a domin ya reni waɗanda za su ci gaba da awon bayansa.

Ilmin da ake kira fiziks

Malaman da, waɗanda suka karanta littattafan hikima da Larabci, suna kiran wannan fanni ilmin ɗabi'a, wato nazarin halin da Ubangiji ya ɗora wa halittunsa marasa rai. A makarantun zamani kuwa ana ce masa fiziks. Shi ne ke bahasi a kan haske da zafi da sauti, da motsi da nauyi, da wutar lantarki da maganaɗisu, kuma sharaɗinsa guda ne: kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci sai da shaida, haka malamin fiziks ba ya karɓar magana, kome daɗinta kuma ko daga bakin wa ta fito, sai an auna an ga ta tabbata.

Mu mutanen bakin tafkin Kainji ba mu bukatar tafiya nesa kafin mu ga wannan ilmi yana aiki. Zafin rana ne ke tayar da tururi daga teku, tururin ya zama gajimare, gajimaren ya zubar da ruwa a kan tsaunukan ƙasar Gini inda Kwara ta samo tushe, ruwan kuma ya gangaro ta Mali da Nijar har ya iso mana. Saboda yana bazuwa cikin manyan fadamun Mali yana yin jinkiri, ruwan da ya sauka can da damina ba ya isowa Yelwa sai cikin hunturu, bayan ya tace ya yi garau. Shi ne baƙin ruwa, wanda kowane masunci ya san bambancinsa da farin ruwa mai laka na daminarmu. Idan ruwan ya taru a bayan madatsar Kainji, sai a sake shi ta manyan bututu ya faɗa da nauyinsa a kan farfela, farfela ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin wayar tagulla, daga nan kuma lantarki ya fito. Babbar ƙa'idar fiziks ke nan: ƙarfi ba ya halaka, kama kaɗai yake sakewa, daga haske zuwa zafi, daga zafi zuwa motsi, daga motsi zuwa wutar da ke cikin ƙwan fitila.

An fara ginin madatsar a 1964, aka gama a 1968, injunanta takwas kuma an tsara su ba da megawat 760. Ba mu manta da abin da aka biya ba, domin mutum fiye da 40,000 aka tayar daga gidajensu, tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawa da yawa suka bar tsibiran kakanninsu da gonakinsu na albasa suka koma tudu. Amma akwai wani abu da ya kamata mai hankali ya lura da shi: yawancin masu lissafi da masu tsara wannan gagarumin aiki daga ƙasashen waje aka ɗauko su, kamfanin da ya yi ginin ma na Italiya ne, domin a wancan zamani 'ya'yan ƙasa masu irin wannan ilmi ba su taka kara sun karya ba. Ruwan namu ne, ƙasar tamu ce, amma awon yana hannun baƙi. Wannan gibi shi ne abin da Abdu Mumuni da irinsa suka tashi cikewa.

Daga Tasawa zuwa Faris

An haifi Abdu Mumuni, wanda a takardun Faransanci ake rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo, ranar 26 ga Yuni, 1929, a garin Tasawa, gabas da Maraɗi, lokacin Nijar tana ƙarƙashin mulkin Faransa. Bayan ya gama karatun farko a makarantun ƙasarsa, aka tura shi Sanigal, zuwa makarantar William Ponty, wadda a lokacin tana cikin manyan makarantun da ɗan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa zai iya kaiwa ba tare da ya tsallake teku ba, kuma daga cikinta yawanci malaman makaranta da akawuna ake yayewa, tun da su ne 'yan mulkin mallaka ke bukata. Shi kuwa himmarsa ta wuce nan. Daga baya ya tafi Faris, ya shiga karatun lissafi da fiziks tare da 'ya'yan ƙasar, cikin harshensu da sanyinsu, har a 1956 ya ci wata jarrabawar gasa mai tsanani, wadda da ita Faransa ke tace manyan malamanta, ya zama baƙar fata na farko daga ƙasashen da take mulka a Afirka da ya ci ta a wannan fanni.

Mutum mai irin wannan shahada, da ya so, da ya zauna Turai ya ci albashi mai tsoka har ƙarshen ransa. Amma tun yana ɗalibi yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa masu fafutukar 'yanci, saboda haka sai ya komo ya fara koyarwa a Dakar. A 1958, da mutanen Gini suka ƙi amincewa da tayin jagoran Faransa, Janar de Gaulle, na ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa, Faransa kuma ta kwashe ma'aikatanta da malamanta ta bar makarantu wayam, Abdu Mumuni yana cikin 'yan Afirka masu ilmi da suka tafi Konakiri domin kada karatun yara ya tsaya. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan makamashin rana, daga 1964 kuma ya zauna Bamako yana koyar da masu shirin zama malamai, ya kuma kafa wa ƙasar Mali ɗakin binciken hasken rana. A 1969 ya koma gida Yamai. Idan ka ɗauki taswira ka bi sawunsa, Gini, Bamako, Yamai, za ka ga hanyar baƙin ruwa ce ya bi, wanda bayan ya wuce Yamai da Gaya sai ya shigo mana.

Bahasin madubi

Domin mu fahimci abin da malamin jami'a ke yi idan aka ce yana bincike, bari mu duba mas'alar da Abdu Mumuni ya yi wa bahasi, wadda ya sami babban digirinsa na dakta a kanta a 1967. Kowa ya ga yadda yara ke ɗaukar gilashin tabarau su tattara hasken rana a kan takarda har ta yi hayaƙi ta kama wuta. Madubi ma yana yin haka idan aka ƙera shi da zurfi kamar kasko, bisa wani lanƙwaso na musamman wanda lissafi ke fitarwa, domin duk hasken da ya faɗa cikinsa, ko a tsakiya ko a baki, zai komo ya haɗu a wuri guda a gabansa, kuma zafin da ke taruwa a wurin yana iya tafasa ruwa, idan madubin babba ne ma har ya narkar da ƙarfe. Wannan mas'ala tana da tsohuwar silsila a cikin malaman Musulunci: Ibn Sahal ya rubuta risala a kan madubai masu ƙonewa a Bagadaza wajen shekarar 984, Ibn Haisam kuma, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi sharhin irin wannan madubi, kuma shi ne ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya shigo ido daga abin da ake kallo.

To, me ya rage wa malamin ƙarni na ashirin ya bincika? Abin da ya rage shi ne tahƙiƙi. Rana tana da faɗi a sama, madubin da hannun ɗan Adam ya ƙera kuma ba ya rasa 'yar karkata, saboda haka hasken ba ya haɗuwa a ɗigo ɗaya tak, sai dai ya yi ɗan da'ira, tsakiyarta ta fi zafi, zafin kuma yana raguwa zuwa gefe. Wanda zai ɗora tukunya ko tankin inji a wurin, tilas ya san faɗin da'irar da yadda zafin ya rarrabu a cikinta, in ba haka ba ko dai ya yi asarar rabin zafin, ko ya huda gindin tukunyar. Abdu Mumuni ya fitar da wannan rabo da alƙalami ta hanyar lissafi, sa'an nan ya auna shi da na'ura, ya gwama abin da lissafi ya ce da abin da awo ya nuna.

Haka aikin bincike yake a kowace jami'a. Malami zai zaɓi mas'ala guda, ya karanta duk abin da magabata suka rubuta a kanta domin kada ya maimaita abin da an riga an sani, ya yi lissafi, ya yi gwaji, ya sake gwajin sau da yawa har ya tabbata ba dace ba ne, sa'an nan ya rubuta ya miƙa wa wasu malaman fannin, waɗanda aikinsu shi ne su nemi kuskurensa. Sai abin ya tsira daga hannunsu ake buga shi a mujallar masana. Wanda ya san karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin almajiri ma ba ya ba kansa ijaza, sai malaminsa ya saurare shi ya gamsu, kuma darajar ijazar tana ga silsilar waɗanda suka ba da ita.

Ga kaɗan daga abin da awon rana ya nuna, domin ku gwada lissafinku a kai. Tsakaninmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150, haskenta kuma yana ratsa wannan nisa cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kowane murabba'in mita ɗaya na ƙasa, wato abin da ya ɗan ɗara dardumar salla faɗi, yana karɓar kimanin kilowat 1. Murabba'in kilomita ɗaya ke nan yana karɓar megawat 1,000, fiye da abin da dukan injunan Kainji aka tsara su bayar, alhali kuwa faɗin tafkin ya haura murabba'in kilomita 1,000. Sai dai rana tana faɗuwa, gajimare da hazo suna tare ta, farantin sola na zamani kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar kaɗai yake iya mayarwa lantarki. Saboda haka dukiyar tana da yawa, kamun ne ke bukatar ilmi.

Ofishin rana a Yamai

Daga 1969 har zuwa 1985 Abdu Mumuni ne shugaban ofishin makamashin rana na Nijar, wanda ake kira ONERSOL, kuma a nan ne ya sauko da ilminsa daga takarda zuwa maƙera. Zamanin ya yi daidai da babban farin da ya addabi ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970, dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe, mata na tafiya mai nisa neman itacen girki, ga kuma kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Nijar kuwa a lokacin ba ta haƙo mai, ba ta da teku, yawancin lantarkin Yamai ma daga baya ta layin Birnin Kebbi ake kai shi daga Nijeriya. A cikin wannan hali ofishin ya riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace ruwa, da na busar da amfanin gona, da murhun rana, ya kuma yi aiki a kan injin da zafin rana ke tafiyar da shi.

Na'urar ɗumama ruwan ta cancanci a tsaya a dube ta, domin babu wani sihiri a cikinta da ya fi ƙarfin maƙerin Yelwa. Akwati ne mai faɗi marar zurfi, a cikinsa an shimfiɗa farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, an liƙa masa bututun ruwa, an rufe samansa da gilashi, an kuma cusa abin tsare zafi a ƙarƙashinsa. Baƙin launi yana shanye haske ya mai da shi zafi, gilashi yana barin haske ya shiga amma ya hana iska kwashe zafin, ruwan da ya yi zafi kuma, da yake ya fi mai sanyi rashin nauyi, da kansa yake hawa zuwa tankin da aka ɗora a sama, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, a yi ta zagayawa haka tun hantsi har la'asar ba famfo, ba itace, ba kananzir.

Gaskiya ta wajabta a faɗa cewa murhun rana bai shiga gidajen talakawa ba yadda aka yi fata, a Nijar da sauran ƙasashe, domin yana da tsada, kuma uwargida da dare take tuƙa tuwo, sa'ad da rana ta riga ta faɗi. A cikin wannan ma akwai karatu: bai isa na'ura ta yi daidai da lissafi ba, sai ta yi daidai da aljihun mutane da al'adarsu, kuma babu mai sanin wannan sai wanda ya tashi a cikinsu. Da ɗan gari akan ci gari.

Amanar shugabancin jami'a

A 1979 aka naɗa Abdu Mumuni shugaban Jami'ar Yamai, wadda a lokacin ba ta cika shekara goma da kafuwa ba, ya riƙe ta 'yan shekaru, ya kuma ci gaba da koyar da fiziks a cikinta. Mai karatu zai iya tambaya, don me za a ɗauke mutum daga ɗakin gwaji, inda yake da gwaninta, a zaunar da shi ofis yana sa hannu a takardu? Amsa ita ce, bincike ba ya tsayuwa da mutum ɗaya, kome hazaƙarsa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai an sami wanda zai nemo kuɗi wurin hukuma ya raba su da adalci tsakanin tsangayoyi, ya ɗauki malamai bisa cancanta, ya tura matasa ƙaro ilmi ya kuma tanadar musu abin da zai sa su komo, ya sayo littattafai da kayan gwaji, ya tsare jarrabawa daga son rai domin shahadar jami'a ta kasance shaida ta gaskiya, ya shugabanci majalisar malamai da shawara, ya kuma tsaya tsakanin ɗalibai masu zafin jini da mahukunta masu iko ba tare da ya ci amanar ɗayansu ba. Wanda ya taɓa kwana yana jiran sakamakon awo shi ya fi sanin abin da mai bincike ke bukata. Saboda haka ne jami'o'i suka saba zaɓen shugabanninsu daga cikin malamansu. Abin da shugaban ke sadaukarwa shi ne lokacin bincikensa, abin da al'umma ke samu kuwa shi ne masu bincike da yawa a madadin guda.

A wannan shekara ta 1979 ɗin, a nan Nijeriya ma an ɗora wa wani malamin fiziks irin wannan nauyi, shi ne Farfesa Ibrahim Umar, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙaro ilmi a Amurka da Ingila, ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano daga 1979 zuwa 1986. Daga baya ya shugabanci Hukumar Makamashi ta Nijeriya, ya riƙe Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna daga 1994 zuwa 1997, kuma daga 2000 zuwa 2001 shi ne shugaban majalisar gwamnonin hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya, wadda mazauninta ke Biyana ta ƙasar Ostiriya. Kada kuma wani ya zaci irin wannan matsayi ya fi ƙarfin mutumin bakin Kwara, domin Farfesa Mahdi Adamu, masanin tarihi, mutumin Ngaski, ya shugabanci jami'ar Sakkwato a shekarun 1980, Mai Martaba Sarkin Yawuri Dakta Muhammadu Zayyanu Abdullahi shi ma ya shugabance ta kafin ya hau gadon sarauta. A wannan jami'a, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai cibiyar binciken makamashi da aka kafa a 1982, kuma hasken rana shi ne babban abin da take nazari.

Abin da ya shafe mu

Akwai wani dalili da ya sa Abdu Mumuni ya cancanci a karanta labarinsa a ajin manya musamman. A 1964 ya wallafa littafi da Faransanci a kan sha'anin ilmi a Afirka, inda ya nuna cewa makarantar 'yan mulkin mallaka an gina ta ne domin biyan bukatar masu mulki, ya yi kira a koyar da mutane da harsunansu na gado, a haɗa karatu da aikin hannu, a kuma yaƙi jahilci tsakanin manya. Ke nan mutumin da ya ƙure jarrabawar Faransawa da harshensu, shi ne ya tsaya a kan cewa manomi da masunci suna da haƙƙin a bayyana musu ilmi da harshen da suka sha a nono. Darasin nan da kuke karantawa da Hausa, a kan haske da zafi da megawat, yana daga cikin abin da ya yi fatan gani.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, a 1992 kuma aka sa wa Jami'ar Yamai sunansa. Tun daga lokacin farantin sola ya yi araha ya shiga kasuwanni da masallatai da rijiyoyin burtsatse, amma yawancinsa daga ƙasar Sin ake kawo shi, kuma sau da yawa idan ya lalace sai a jingine shi a bango don babu wanda ya san ciwonsa. Malaman fiƙihu sun ce duk sana'ar da al'umma ba ta iya rayuwa sai da ita, koyonta farali ne na kifaya: idan wasu suka ɗauka sauran sun huta, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. A yau akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliyaro, wadda aka kafa a 2006, da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ba sai yaro ya tsallake teku ba kamar yadda ɗan Tasawa ya yi. Abin da ya rage yana hannun iyaye: wanda ya ga ɗansa ko 'yarsa na yawan tambayar dalilin abubuwa, yana kwance tsohuwar rediyo don ya ga cikinta, ko yana saurin kama lissafi, to, ya yi haƙuri da rashin hannunsa a jirgi ko a gona na 'yan shekaru, ya bar shi ya gama sakandare, ya tambayi malamansa ko ana koya masa fiziks, ko kuma akwai ɗakin gwaji a makarantar. Ku da kuka zauna kan benci da furfurarku domin koyon baƙi da wasali, ba ku bukatar a gaya muku zafin rashin ilmi, kuma yaron da ya ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa riƙe da littafi bayan sallar isha'i ya riga ya sami malaminsa na farko.

Ma'anar wasu kalmomi

Fiziks: ilmin da ke auna haske, zafi, motsi, nauyi, sauti da lantarki.
Makamashi: duk abin da ake samun ƙarfin yin aiki daga gare shi, kamar itace, fetur, ruwa mai gangara da hasken rana.
Kilowat: mudun auna ƙarfin wuta, kilowat 1,000 shi ne megawat 1.
Bahasi: zurfafa bincike a kan mas'ala guda.
Tahƙiƙi: tabbatar da magana ta hanyar hujja.
Tsangaya: a jami'a, babban reshe mai ɗauke da sassan ilmi masu dangantaka.

Tambayoyi

1. Bayyana hanyar da ƙarfin rana ke bi har ya zama lantarki a Kainji.
2. Me ya sa baƙin ruwa ke iso Yelwa cikin hunturu?
3. A ina aka haifi Abdu Mumuni, kuma a waɗanne ƙasashe ya koyar?
4. Wace mas'ala ya yi bahasi a kanta, kuma mene ne amfaninta?
5. Kawo ayyuka huɗu na shugaban jami'a.
6. Idan murabba'in mita 1 yana karɓar kilowat 1, nawa rufin ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 zai karɓa da tsakar rana?

Aikin gwaji

Ku samo kwanoni biyu na ƙarfe masu girma ɗaya, ku shafa wa cikin ɗaya baƙin tukunya, ku bar ɗayan da haskensa. Ku zuba musu ruwa daidai wa daida daga randa ɗaya, ku rufe kowanne da farar leda, ku ajiye su gefe da gefe a rana tun daga ƙarfe 11 na safe. Bayan sallar azahar kowane ɗalibi ya tsoma yatsa a cikin kowanne, ya rubuta abin da ya ji a littafinsa kafin ya ji ta bakin ɗan'uwansa. Ku maimaita gwajin kwana uku, ranar ƙarshe ku cire ledar, sa'an nan ku kawo abin da kuka rubuta aji mu gwama.